Tikitin Loto da Cacar Ƙwallo a Kano: Akwai Riba a Ciki? Tambayoyi da Amsoshi

A da, caca a Kano abin ɓuya ce. 'Yan karta suna can a kango ko bayan tasha, kowa ya san su, iyaye kuma suna ja wa 'ya'yansu kunne a kansu. Yanzu ta shigo aljihu. Yaro yana zaune a shagon ubangidansa a Kwari, ko a gaban keken ɗinki, kansa a sunkuye kan waya, babu mai iya cewa ga abin da yake yi. Tambayoyin nan su ne ake ta maimaitawa a majalisa da teburin mai shayi da cikin gidaje. Na fi ba lissafi ƙarfi a amsoshin, domin hukuncin addini kusan kowa ya san shi. Abin da yawancin masu sayen tikiti ba su taɓa zama sun duba ba shi ne yadda aka tsara rabon kuɗin tun daga tushe.

Wai mene ne loto, kuma da me ya bambanta da cacar ƙwallo?

Loton da ya fi yaɗuwa a Najeriya shi ne na lamba 90. Akwai lambobi daga 1 zuwa 90, a kowane zagaye ana fitar da biyar. Kai kuma ka zaɓi lamba biyu, ko uku, ko huɗu, ko biyar, ka sa kuɗi a kan cewa za su fito cikin biyar ɗin. Mutane na kiransa Baba Ijebu, laƙabin attajirin nan Kessington Adebutu mai kamfanin Premier Lotto na Legas, ko da kuwa wani kamfani ne daban ya sayar musu da tikitin.

Cacar ƙwallo kuwa, wadda ta fi kama matasan Kano, ita ce ta kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing. A nan sakamakon wasa kake hasashe: wa zai ci, ƙwallo nawa za a zura, da sauransu. Siga ce ta bambanta, amma tushen ɗaya ne. Jama'a da yawa su zuba kuɗi, kamfani ya ɗebe nasa, abin da ya rage a raba wa 'yan kaɗan.

To a lissafi, sayen tikitin loto yana da riba ko babu?

Babu, kuma ba sai an yarda da bakina ba. Ga biro ga takarda.

Mu ɗauki wasan da aka fi bugawa, na lamba biyu. Idan lambobinka biyu suka fito, yawanci ana ninka maka kuɗinka sau 240. Naira 100 ta zama naira 24,000. Da jin haka rai ya biya.

Amma daga 1 zuwa 90, hanyoyin haɗa lamba biyu-biyu guda 4,005 ne. Lambobi biyar ɗin da za a fitar kuwa haɗi 10 kacal suke bayarwa. Ke nan damar tikiti ɗaya ita ce 10 cikin 4,005, wato kusan 1 cikin 400. A ce wani mai kuɗi ya yi niyyar toshe kowace ƙofa, ya sayi dukkan haɗin 4,005 a kan naira 100 kowanne. Ya kashe naira 400,500. Tabbas tikitinsa goma za su ci, a ba shi naira 240,000. Ya yi asarar naira 160,500, alhali babu lambar da ta kuɓuce masa. Wannan shi ne wasan a tsiraicinsa: a duk naira 100 da jama'a suka zuba, kimanin naira 60 ce ke dawowa hannunsu, 40 ta tafi. Da za ka je Singa ka ce wa ɗan kasuwa ga kaya ya sara a naira 100 ya sayar a 60, kuma kullum haka za a yi, ko zama ba zai ba ka ba.

Abin yana ƙara muni idan ka ƙara lamba. A wasan lamba uku damar ita ce 1 cikin 11,748, amma ninkin da aka saba biya 2,100 ne, wato abin da ke dawowa bai kai naira 18 cikin 100 ba. Lamba huɗu, 1 cikin 511,038. Lamba biyar cif, 1 cikin 43,949,268. Wanda ke sayen tikitin lamba biyar sau ɗaya kowace rana, a matsakaicin lissafi sai ya shekara sama da 120,000 kafin ya dace sau ɗaya. Duk inda aka fi kwaɗaita maka babban kuɗi, a nan ne kason kamfani ya fi tsoka.

Ai naira 200 ce kawai. Me za ta rage ni da shi?

A rana ɗaya, ba wani abu ba. Matsalar ita ce babu mai tsayawa a rana ɗaya. Naira 200 kullum, a shekara naira 73,000 ce. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Wato mutum yana miƙa fiye da albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci ba tare da ya ji fitarsa ba, saboda da kaɗan-kaɗan yake fita. Mai sa naira 500 kuwa, naira 182,500 ce a shekara.

A ce mutum 100 ne kowannensu yake sa naira 200 a kan lamba biyu kullum har shekara ta zagayo. Lissafi ya nuna kusan 40 daga cikinsu ba za su ci ko sau ɗaya ba. Wasu 36 ko 37 za su ci sau ɗaya, a ba su naira 48,000, wadda ba ta kai abin da suka zuba ba. Ke nan kusan mutum 77 sun ƙare shekara da asara. Idan suka ci gaba har shekara goma, waɗanda za su fita da riba ba su kai 3 cikin 100 ba. A sana'a, daɗewa kan kawo gwaninta. A nan daɗewa ita ce ke tabbatar da asarar.

Akwai masu nazarin lambobi, suna da takardun sakamakon shekaru. Ba sa taimakawa?

Ba sa taimakawa. Injin da ke fitar da ƙwallayen lamba ba ya tuna abin da ya fitar jiya. Lamba 17 ta yi wata uku ba ta fito ba, damarta ta yau daidai take da ta lambar da ta fito jiya, 5 cikin 90. Tunanin cewa lamba ta daɗe ba ta zo ba don haka lokacinta ya yi, tsohon tarko ne. A shekarar 1913, a wani gidan caca na Monte Carlo, ƙwallon teburin caca ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere. 'Yan caca suka yi ta zuba dukiya a kan ja, suna cewa ai yanzu dole ya juya, suka tafka asarar miliyoyi kafin ya juya ɗin.

Haka zancen yake ga lambar da aka gani a mafarki, da lambar motar da ta yi haɗari, da wadda wani boka ko mai duba ya bayar. Wannan na ƙarshen ma ya haɗa wa mutum asara biyu, ta kuɗi da ta imani. Shi ma salon zaɓar lambobi da yawa a haɗa su bai canza komai ba. Idan ka zaɓi lamba goma, layi 45 ka saya, damarka ta ninku sau 45, kuɗin da ka biya ma ya ninku sau 45.

Ni ba loto nake yi ba. Ƙwallo nake bugawa, kuma na san ƙwallo. Ba sa'a ba ce, sani ne.

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ita ce ta fi cin mutane, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Matashin Kano ya san ƙwallon Turai sosai. Zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal da na Madrid har da na benci. Sai dai kamfanin ma ya sani, yana da ma'aikata da kwamfutoci da ba su da wani aiki sai wannan, kuma ya riga ya cusa ribarsa a cikin ninkin da ya nuna maka.

Ga yadda ake yi. A ce abu ne mai fuska biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Adalci shi ne a ninka wa wanda ya dace kuɗinsa sau 2. Kamfani sai ya sa 1.90 a kowane ɓangare. Mutum biyu suka sa naira 1,000 kowanne, ɗaya nan ɗaya can. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe 100, ko wa ya ci. Shi ba ruwansa da wanda ya zura ƙwallo.

Kashi 5 cikin 100 kamar ba yawa. Amma wa ke buga wasa ɗaya? Kowa dogon tikiti yake haɗawa, wasa goma, wasa ashirin, don naira 200 ta zama dubu ɗari biyar. A kowane wasa da ka ƙara, kason kamfani yana hawa kan na baya. A tikitin wasa goma, kashi 5 ɗin nan ya taru ya kai kusan kashi 40, ka dawo daidai inda mai loto yake. Sannan a ce kai gwani ne, kana dacewa sau 7 cikin 10 a kowane wasa. Damar wasanni goma su zo maka duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. Idan ashirin ne, kusan 1 cikin 1,250.

Ita kuma ƙwallo ba ta da amana. Wa ya ce Saudiyya za ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2022? Leicester da ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, kamfanonin caca na Ingila ninki 5,000 suka sa mata a farkon kaka. Su kansu ba su gani ba, amma su suna da kason da ke rufe musu irin wannan. Kai ba ka da shi.

Wasannin kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna, waɗanda babu 'yan wasa na gaske a ciki, su ne mafi haɗari. A nan ko sanin ƙwallon ba shi da wurin shiga, kuma mutum na iya ƙarar da kuɗin mako kafin a kira la'asar.

Sau da yawa wasa ɗaya ne kawai ke ɓata min tikiti. Ba alama ce ta na kusa ba?

Ka shiga gidan kallo ranar Asabar da daddare ka ga abin da ke faruwa bayan an tashi wasan ƙarshe. Za ka ga matashi ya zaro doguwar takarda, ko ya miƙa wa abokinsa waya, yana bi da yatsa: wannan ya zo, wannan ya zo, wannan ma ya zo. Sai ya tsaya a layi ɗaya ya ce, “Wallahi ka gani, wannan ne kawai ya tsinka ni, minti na casa'in suka farke.” Abokin ya girgiza kai ya ce saura ƙiris. Kafin su kai bakin titi ya fara haɗa na gobe.

Abin da bai sani ba shi ne, haka aka gina abin. Mu koma kan gwanin nan mai dacewa 7 cikin 10. A tikitin wasa goma, damar ya ci duka kusan kashi 3 ce, amma damar ya dace da tara ɗaya ya ɓata kashi 12 ce. Wato “saura ɗaya” zai riƙa faruwa fiye da sau huɗu a kan kowane ci guda. Ba kusantar nasara ba ce, ɗaya ce daga hanyoyin da dogon tikiti ya saba faɗuwa. Kuma tana da daɗi a ƙwaƙwalwa kusan kamar cin, shi ya sa take mayar da mutum.

Masu sayar da “tabbataccen wasa” a Telegram da WhatsApp fa?

Wanda yake da tabbacin sakamakon wasa ba ya buƙatar naira 5,000 ɗinka. Dabararsu sananniya ce: a raba mabiya gida uku, a ce wa kashi ɗaya masu gida za su ci, kashi ɗaya baƙi, kashi ɗaya kunnen doki. Dole wasu su dace. Su ne za su dawo su biya kuɗi mai yawa, su kuma jawo abokansu. Hotunan tikitin da suke bazawa kuwa, haɗa irinsu a waya ba ya ɗaukar minti biyar.

Amma ai ana ci. Na san wanda ya sayi babur da kuɗin.

Ana ci, babu musu. Da ba a ci da kasuwar ta mutu tuntuni. Wanda ya ci shi ne tallar kamfani, kuma kuɗin da aka ba shi daga aljihun sauran ya fito, ciki har da naka.

Abu biyu nake so ka duba. Na farko, labarin mai babur ya zagaye unguwa, amma ɗaruruwan da suka yaga tikiti a ranar babu wanda ya yi shela. Asara a ɓoye ake yin ta. Na biyu, ka tambayi mai babur ɗin nawa ya zuba kafin ranar, nawa kuma ya zuba bayanta. Da wuya ka samu wanda ya rubuta. Babban ci na farko shi ne ya fi ɗaure mutum, domin daga ranar ya yarda cewa hanya ce, sai ya ƙara yawan abin da yake sawa. Sau da yawa babur ɗin ma ta nan yake komawa.

Na ga ana tallar loton Amurka mai biliyoyin dala a intanet. Shi ma haka yake?

Ya ma fi nisa. A wasan Powerball, damar cin babbar kyautar ita ce 1 cikin 292,201,338, adadin da ya zarce yawan mutanen Najeriya gaba ɗaya. Gaskiya ne a Nuwamba 2022 tikiti ɗaya a jihar Kalifoniya ya ci dala biliyan 2.04, amma wanda ya zaɓi a ba shi a dunƙule bai karɓi ko rabin haka ba, kafin ma a cire haraji. Shafukan da ke cewa za su saya maka tikitin daga nan kuwa, ka ƙara wa kanka wani haɗarin: ba ka riƙe da tikiti, ba ka san wanda ka tura wa kuɗi ba.

Me addini ya ce? Wasu na cewa ai ba karta ba ce, hasashe ne.

Canza suna ba ya canza hukunci. Duk mu'amalar da za ka sa kuɗi, ko ka samu fiye da su ko su tafi gaba ɗaya, kuma abin ya rataya a kan sakamakon da ba a sani ba, ita ce maisir. A Suratul Baƙara aya ta 219, Allah Ya ambaci giya da caca tare, Ya ce akwai zunubi babba a cikinsu da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. A Suratul Ma'ida aya ta 90 aka yi umarni da a nisance su, aya ta 91 kuma ta faɗi dalili: Shaiɗan yana so ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyarsu, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya ga yadda ake rigima a kan bashin caca, ko yadda magariba ke wucewa ana jiran sakamako, ya ga fassarar ayar da idonsa. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Furta gayyatar kaɗai ke nan.

Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba, su ma lissafin da ke sama bai tambayi addininsu ba.

Garaɓasar kamfanoni fa, irin ta sayi kaya ka shiga ƙuri'a?

A nan akwai bayani. Malamai da yawa suna ganin idan kayan da ka saya dama kana buƙatarsa, kuma ba a ƙara masa kuɗi saboda garaɓasar ba, to kyautar da ta biyo baya babu laifi, domin ko ba ka ci ba ba ka rasa komai ba. Amma idan don ƙuri'ar kawai ka saya, ko ana cire maka kuɗi a kan kowane saƙon da ka tura don shiga gasa, ka koma caca. Kyautar da banki ke rabawa ta ƙuri'a ga masu ajiya tana da wata matsalar daban, domin malamai da dama suna kallon ajiyar a matsayin bashi, kyautar kuma amfani ne da bashi ya jawo. Irin wannan a kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, a faɗa masa sharuɗɗan yadda suke.

Doka ta yarda da caca a Kano?

Dokar shari'ar Musulunci da jihar Kano ta fara aiki da ita a shekarar 2000 ta haramta caca. An daɗe ana jayayya saboda kamfanonin suna riƙe da lasisin tarayya ƙarƙashin dokar loto ta ƙasa ta 2005. A Oktoba 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin, bayan koke-koken iyaye da masu unguwanni. Sannan a ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta jagoranta, cewa sha'anin loto da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya a Abuja kaɗai za ta yi aiki. Wannan ya ƙarfafa hannun jihar Kano.

Sai dai rufe shago bai rufe waya ba. Yanzu yawancin abin a manhaja ake yi, ana zuba kuɗi ta banki ko ta wajen mai POS. Shi ya sa nake ganin aikin gida da makaranta da mumbari ya fi na kwaɗo da sarƙa yawa.

Na taɓa ci, yanzu na tuba. Yaya zan yi da kuɗin?

Abin da malamai suka fi tafiya a kai shi ne, wanda ya san haramun ne ya kuma aikata, ya rabu da abin da ya rage a hannunsa ta hanyar ba mabuƙata ko sa shi a aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake kansa ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Idan kuɗin sun riga sun shiga jari ko gini, ko kai kanka kana cikin matsi, ka zauna da malami ka faɗa masa komai, domin hukuncin yana duba halin mutum.

An turo min saƙo cewa lambata ta ci kyautar miliyan biyu. Gaskiya ne?

Gasar da ba ka shiga ba, ba za ka ci ba. Za su ce ka tura kuɗin rajista, ko ka karanto musu lambobin da banki ya turo maka yanzu, ko BVN, ko lambobin jikin katinka. Kada ka bayar, kashe wayar kawai. Dattawa da matan aure aka fi yi wa wannan, don haka a riƙa faɗa musu tun kafin kiran ya zo.

Ina zargin ɗana, ko maigidana, ya faɗa ciki. Me zan yi?

Alamun sukan bayyana kafin a kama mutum dumu-dumu. Kuɗin cefane ya fara raguwa ba tare da dalili ba. Ɗan Adaidaita Sahu ya yini yana aiki amma balas ya gagara. Yaron shago ya fara samun giɓi a lissafi. Ana kiran waya yana fita waje ya amsa, masu bashin manhaja sun fara turo saƙo ga 'yan uwa. Ransa yana ɓaci ranakun Asabar da Lahadi fiye da yadda faɗuwar kulob za ta sa.

Hajiya, idan ɗanki ne, kada ki fara da tsinuwa ko tara masa jama'a. Kunya ce ke sa su ƙara nutsewa, domin yana ganin hanya ɗaya ta wanke kansa ita ce ya ci babba ya mayar da abin da ya ɗauka. Wannan bin asarar shi ne ainihin ciwon. Ki zaunar da shi ku biyu, ko da kawunsa da yake jin nauyi, a tambaye shi adadin bashin gaba ɗaya, a rubuta. Idan za a biya, a biya mai bashin kai tsaye, kada a damƙa masa kuɗin a hannu. Kuma a yi sau ɗaya da sharaɗi, domin idan ya san kullum za a rufa masa, ba zai daina ba.

Idan maigidanki ne, 'yar uwa, ki killace abin da yake naki: sarƙa da ɗan kunne, kuɗin adashinki, katin bankinki da lambarsa. Yin haka ba rashin biyayya ba ne. Ci da sha da suturar iyali haƙƙi ne a kansa. Idan magana tsakaninku ta ƙi, ki sanar da waliyyinki ko wani babba a danginsa, kuma Hisbah tana zaman sulhun ma'aurata.

A sani kuma cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin cututtukan da ake dubawa a asibiti, a sahu ɗaya da sauran nau'o'in kamu. Wanda ya yi ta alƙawarin dainawa yana komawa, ko ya daina barci, ko ya fara maganar gara ya mutu ya huta, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kada a jira. A haɗa da addu'a, a kuma goge manhajojin, wani amintacce ya riƙe masa katin banki na wasu watanni, ya canza majalisar da ake haɗa tikiti.

To in ban buga ba, me naira 200 ko 500 za ta yi min? Ai ba za ta sa in yi arziki ba.

Ba za ta sa ka yi arziki a dare ɗaya ba, kuma duk wanda ya yi maka wannan alƙawarin, ko da sunan zuba jari ne, ka tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016 da CBEX da ta bi sahunta a 2025. Na san abin da ke tura matasa ciki: aiki ya yi wuya, kaya sun yi tsada, mutum yana ganin ko ya tara ba za ta kai shi ko'ina ba. Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba.

Amma a garin nan ƙaramin kuɗi jari ne. Naira 500 kullum a adashi ko asusu, cikin wata shida ta kai naira 90,000, kuma taka ce ba sai an yi ƙuri'a ba. Da irin wannan ake fara sarin kayan gwari a Yankaba, ko cajar waya da murfinta a Farm Centre, ko a biya kuɗin koyon gyaran waya ko ɗinki. Mai son ajiyar da babu ruwa a ciki, akwai bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019. Akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, da aka fara fitarwa a 2017, wanda ake iya shiga da naira 10,000 idan an buɗe sayarwa, akwai kuma adashin gata na aikin Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa ke gudanarwa. Idan adashin unguwa za ka shiga, ka san uwar adashin da sauran 'yan zubin, a rubuta ranar ɗaukar kowa, kuma in kana tsoron hannunka, ka nemi a sa ka a ɗaukar ƙarshe.